Wata 14 ina gwajin aiki: in ajiye ko in ƙara haƙuri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni akanta ne a wani kamfani mai zaman kansa a Wuse 2, Abuja. Takardar ɗaukata aiki ta ce gwajin wata 6, yau wata 14 ba a tabbatar da ni ba. Kullum na tambaya sai a ce Oga ya yi tafiya. Albashin gwaji nake karɓa, kuɗin motar Mararraba, inda nake zaune a wajen Abuja, na cinye kusan rabinsa, ga iyali. Abokaina sun ce in daina zuwa kawai, tunda ɗan gwaji ba ma'aikaci ba ne. In ajiye?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka ajiye tukuna, kuma don Allah kada ka daina zuwa.

Wannan magana ta abokanka ita ce ta fi gajiyar da ni a wannan aiki. A majalisar mai shayi ake yanke ta, daga bakin mutanen da ko takardar ɗaukar aikinsu ba su taɓa karantawa har ƙarshe ba. Ɗan gwaji ma'aikaci ne tun ranar da ya sa hannu. Yana da haƙƙi, akwai kuma haƙƙi a kansa. Idan ka kashe waya ka kwanta a gida, a fayil ɗinka za a rubuta ka gudu daga aiki. Za su iya neman ka biya kuɗin notis, wato a madadin sanarwar barin aiki da ba ka ba su ba, albashin watan ƙarshe ya maƙale, ranar da sabon wuri ya nemi shaidar inda ka baro kuma ka rasa ta cewa. Na sha ganin mutum ya shigo ofishina da takardar ɗaukar aikinsa a ninke cikin aljihun kaftani, duk ta yi laushi da gumi, yana so a kai ƙara, alhali shi ya fara karya yarjejeniyar. Su kuwa masu shawarar suna can suna shan shayinsu.

Abin haushin, wata takwas ɗin nan da kake ganin wulaƙanci ne, hujja ce a hannunka. Dokar Ƙwadago ba ta yanke wa gwaji wa'adi ba. Abin da kuka rubuta shi ne hukunci. A aikin gwamnatin tarayya shekara 2 ne, naku wata 6. Kotunanmu sun sha yanke cewa idan wa'adi ya cika, mai aiki bai sallame ka ba, bai ƙara wa'adin a rubuce ba, ya ci gaba da sa ka aiki yana biyanka, to ana iya ɗauka ya tabbatar da kai a aikace. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗi haka tun 1991 a shari'ar Jami'ar Obafemi Awolowo da Onabanjo. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 kuma, irin wannan rigima Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake kai wa, ga ta nan Abuja. Sai dai fa in sun taɓa ba ka takardar ƙarin wa'adi ka sa hannu, lissafin ya canza.

To, gobe ka rubuta wa sashen kula da ma'aikata wasiƙa gajera, ba zafi: ranar da ka fara, ranar da gwaji ya ƙare, da roƙon a bayyana maka matsayinka a rubuce cikin mako biyu. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka tafi da shi gida. "Oga ya yi tafiya" ba ya shiga fayil. Ka duba asusun fanshonka ma, in kamfanin na cikin tsarin: dokar 2014 ta ce kashi 8 cikin 100 na albashinka daga gare ka, kashi 10 daga gare su. Idan ana cira ba a zubawa, ka gane irin mutanen da kake yi wa aiki.

Neman wani aiki kuwa ka fara shi yau, a ɓoye. Da iyali a Mararraba ba a sakin reshe a kama ganye. In ka samu, ka ba da notis ɗin da takardarka ta faɗa. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya sa mako guda ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, amma ƙwararre irinka yarjejeniyarsa ake bi. Idan kuma bayan wasiƙar suka kira ka suka ce ka rubuta takardar ajiye aiki da hannunka "don kada sunanka ya ɓaci", ka ce za ka yi shawara, ka fito ka nemi lauya kafin ka taɓa biro.