Tambaya da Amsa: Shin Kowane Alƙali Ne "Judge"?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a sakandare a Kumo, jihar Gombe. A insha'in Turanci na ba da labarin wasan ƙwallo, na rubuta "the judge blew the whistle", sai malaminmu ya ja mini jan biro. Ashe ba "judge" ne alƙali ba?

Amsa: 'Yata, malaminki bai zalunce ki ba. Hausa ce ta ja ki. Mu alƙali ɗaya gare mu, na kotu da na fili, amma Bature ya raba su. Mai busa usur a ƙwallon ƙafa "referee" ne, domin aikinsa tsare doka yayin da ake cikin wasa. "Judge" kuwa shi ne wanda ke zama ya auna, sannan ya yanke. Dubi damben zamani: mutum ɗaya ne a cikin zagaye yana raba 'yan dambe in sun rungumi juna, shi ne "referee". Uku kuma suna zaune a gefe da takarda suna ba da maki, su ne "judges". Haka malaman da ke sauraron mai karatu a musabaƙa suna rage masa maki kan tajwidi ko hadda, "judges" ne.

A kotu ma sai an lura. Na babbar kotu shi ne "judge", daga nan muka samo joji, har muke cewa Babban Joji. Majistare ba a kiransa haka, "magistrate" ne. Na kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a kuma "Kadi" tsarin mulkin 1999 ya kira shi, shugabansu "Grand Kadi".

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne idan kalmar ta zo a matsayin aikatau, don a nan ba ruwanta da kotu. Dillali a kasuwar shanu ya daddafa ƙugun bijimi, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya ce zai kai kaza: wannan ƙiyasin nasa "judge" ne. Direban da ya kasa auna tazarar motar da ke tahowa kafin ya sha gaban tirela, sai a ce ya yi "misjudge". In kin ga "judging from his face", nufinsa bisa ga alamar fuskarsa. Bayan "judging" ana sa "from" ko "by", ba "with" ba; wannan kuskuren yana cin maki a banza. Kada kuma ki sa ta a gurbin "decide". In kin ƙudurta zuwa Bauchi gobe, "decide" kika yi, tunda ba abin da kika ɗora a sikeli.

Sunan da aka ciro daga "judge", "judgment", yana nufin hukuncin ƙarshe na kotu, saɓanin "ruling" da galibi ake bayarwa kan wata buƙata ana tsakiyar shari'a. Yana kuma nufin basira: "good judgment" hangen nesa ne. Turancin Ingila ya yarda da "judgement" mai ƙarin "e", amma lauyoyi sun fi rubuta ta babu shi. Zaɓi ɗaya ki tsaya a kai har ƙarshen takarda.

Sai "judgmental". Kada ki yabi kowa da ita, zagi ce: mai saurin ganin laifin mutane ake nufi.