Tambaya da Amsa: Wace hanyar dutse ce ta dace da baƙo a Anchorage?

Tambaya: Aiki zai kai ni birnin Anchorage na jihar Alaska a Amurka cikin watan Yuli, kuma zan samu hutun kwana biyu ko uku. Na ji an ce duwatsu suna dab da garin, har mutane kan tashi daga aiki su je su hau. Ban taɓa hawan dutse mai tsayi ba, amma ina da ƙoshin lafiya. Wace hanya ce ta dace da ni, kuma akwai haɗarin namun daji?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Ta gabas, unguwannin Anchorage suna ƙarewa ne a gindin gandun dajin Chugach, wanda gwamnatin jihar ta keɓe a shekarar 1970, kuma faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 2,000. Sai dai kusancin nan shi ne yake ruɗar baƙo, domin wanda ya baro otal ɗinsa rabin sa'a da ta wuce, yana kuma hango gine-ginen gari a ƙasa, ba ya saurin yarda cewa ya shiga daji na gaske.

Shawarata ita ce ka fara da hanyar gaɓar teku mai sunan Tony Knowles, tsohon gwamnan jihar. Shimfiɗaɗɗiya ce mai kwalta, tsawonta kusan kilomita 18, daga tsakiyar gari zuwa lambun Kincaid, kuma tana ratsa wurin da ƙasa ta zaftare a girgizar ƙasar 1964. Ba dole ne ka kai ƙarshenta ba. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne kada ka sauka kan lakar da ke bayyana idan teku ya janye. A ido tana kama da ƙasa mai tauri, amma tana riƙe ƙafa ta ƙi saki, ga shi ruwan yankin yana dawowa da sauri kuma da tsananin sanyi, har an sha rasa rayuka ta haka.

A rana ta biyu sai ka nufi dutsen Flattop, wanda aka fi hawa a duk Alaska. Ana ajiye mota a Glen Alps, inda ake biyan kuɗin ajiya, daga nan a kama hawa na kimanin kilomita biyu da rabi zuwa ƙololuwa mai tsayin mita 1,070 daga doron teku. Farkon hanyar ba wuya, har akwai matakalan katako a wasu wurare, amma ƙarshenta ya sha bamban: hanyar takan ɓace cikin tarin duwatsu, sai mutum ya haɗa da hannu yana dafawa, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin takalmi. Saukowa daga wannan yanki ta fi hawansa wuya, kuma a nan ne akasari ake faɗuwa. Idan ka isa gindinsa ka ga hazo ya rufe ko duwatsun sun jiƙe, ka juya. Daga inda ka tsaya ma za ka ga birnin da mashigin tekun Cook. Ran da sama ta washe, ana hango Denali can nesa a arewa, dutsen da ya fi kowane tsayi a nahiyar Amurka ta Arewa. Wanda ba ya son hawa mai tsauri yana iya bin hanyar Powerline daga wurin ajiye motar, wadda take bin kwari a hankali.

Game da namun daji, akwai beyar (wata ƙatuwar dabba mai gashi da manyan farata) iri biyu, baƙa da mai ruwan ƙasa. Ana guje musu ne ta hanyar tafiya cikin rukuni da ɗaga murya, musamman a kwanar hanya ko kusa da rafi, domin mafi yawan farmaki yana faruwa ne idan an yi kiciɓis da dabbar ba zato. Ka sayi feshin barkonon korar beyar a can garin, tunda ba a yarda a shiga jirgin sama da shi ba, ka rataye shi a ƙugu, ba cikin jaka ba. Idan kun haɗu kada ka ruga. Ka yi magana a natse kana ja da baya. Amma dabbar da ta fi beyar jikkata mutane a Alaska ita ce muz, dangin barewa ce da ta fi doki tsayi, kuma har cikin unguwanni take yawo. Mace mai ɗa ba ta da haƙuri, don haka idan ka ga ta kwantar da kunnuwa, gashin wuyanta ya miƙe, ka gudu ka sa bishiya tsakaninka da ita.

A Yuli hasken rana yana kai sa'o'i 17 zuwa 19, saboda haka duhu ba zai kore ka ba, sai dai sanyi. Iskar kan dutse da yayyafi suna iya daskarar da jiki ko a bazara, musamman ga mai sanye da auduga, wadda ba ta bushewa da wuri. Ka ɗauki rigar ruwa, rigar ulu, takalmi mai kama ƙasa da isasshen ruwan sha, ka kuma gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka, domin layin waya yana ɗaukewa a cikin kwaruruka. Hanyar Crow Pass kuwa, mai fiye da kilomita 30, wadda sai an tsallake kogin Eagle da ƙafa cikin ruwan narkakkiyar ƙanƙara, ka bar ta har sai ka samu gogaggen abokin tafiya.