Filin Tambaya da Amsa: Ina 'yancin da aka ce an ba ƙananan hukumomi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah ka fitar da ni daga duhu, tun 2024 muka ji a rediyo wai Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma har yau in kun je wajen ciyaman kan maganar kwata ko rijiyar burtsatse sai ya ce ku jira ya ji daga gidan gwamnati. Shin gwamna ya fi ƙarfin kotu ne? Daga ɗan'uwanka, mai shagon ɗinki.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. A takarda dai bai fi ba. Ranar 11 ga Yuli, 2024 ne alƙalai 7 na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnoni 36, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, aka ce kason ƙananan hukumomi 774 ya tafi hannunsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi haramun ne tunda sashe na 7 na kundin tsarin mulkin 1999 zaɓaɓɓu ya sani.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Shi wannan kundin, a sashe na 162, shi da kansa ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa da ƙananan hukumominta inda kasonsu zai riƙa shiga, kuma har gobe wannan sashen na nan ba a goge shi ba, don kotu fassara take yi, ba ta da ikon gyara kundi, gyara aikin majalisa ne, sai kashi 2 cikin 3 na majalisar tarayya sun amince sannan majalisun jihohi 24 su sa hannu. An gwada a gyaran da Buhari ya sa wa hannu a 2023, ƙudurin soke asusun bai samu jihohi 24 ɗin ba, ka kuwa san 'yan majalisar jiha da wa suke kwana suke tashi. Shi ya sa wasu lauyoyi ke cewa kotun ta ɗan leƙa gonar majalisa. Ni ban ga laifinta sosai ba, ɓarnar ta yi yawa, sai dai wannan giɓin ya ba gwamnoni mafaka, kamar Anambra da ta yi dokarta bayan hukuncin cewa ƙananan hukumomi su riƙa zuba wani kaso a asusun jiha.

Abin da ya fi damuna ma ba asusun ba ne, zaɓen ne. Hukumar zaɓe ta jiha gwamna ke naɗa ta, shi ya sa kusan ko'ina jam'iyyar da ke mulki ke lashe komai, a Kano a Oktoban 2024 NNPP ta cinye duka 44, jihohin APC da PDP ma haka suke yi, ba wanda zai yi wa wani gori. Mutumin da aka ɗauko aka ba shi kujera, ko alat ɗin ya shigo wayarsa kai tsaye ai gidan gwamnati zai fara bugawa ya tambayi yadda za a raba.

Kuma kar ka manta ba ƙaramin kuɗi ake magana ba, kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya ne, ko da yake albashin malaman firamare na cin babban kaso. Kasuwa, tasha, maƙabarta, kwashe shara, duk kundin ya ce aikin ƙaramar hukuma ne, don haka kwatarku ba alfarma kuke roƙo ba. Ku haɗu ku 'yan unguwa ku rubuta takarda, ku kama kansilanku tunda shi kuke gani a masallaci, ku duba abin da aka turo wa ƙaramar hukumarku, ana wallafa rabon FAAC, wato kwamitin raba kuɗin asusun tarayya, wata-wata, ku je masa da adadin a hannu ku tambaye shi nawa aka ware wa mazaɓarku.