Tambarin da yaro zai iya faɗa a shago

Tambaya: Ina haɗa yajin daddawa da na tafarnuwa a gida, ina kai wa masu shaguna a Kasuwar Rimi da Singa. Sunana da lambar waya kawai ke kan sitikar robar. An ce in yi tambari. Anya ba ɓarnar kuɗi ba ce?

Hajiya, ba ɓarna ba ce, muddin an yi shi daidai. Ki lura da yadda ake aiken yaro shago: "Sayo Maggi mai tauraro." Yaron bai iya karatu ba, amma ba zai kawo wani ba. Aikin tambari ke nan. Saboda haka ki zaɓi hoto ɗaya tak da za a iya faɗa da baki, kamar turmi ko tukunya, har a riƙa cewa "yaji mai turmi". Haruffan da aka murɗa cikin da'ira ba wanda zai iya kwatanta su.

Kala biyu sun isa. A bugun leda da buhu kowace kala aikinta daban, kuɗinta daban. Kafin ki biya mai zane, ya buga miki a takarda, ƙarami kamar babban yatsa, sannan da baƙi zalla. In turmin ya koma dunƙulen tawada, a rage masa ado. Kada ki amince da abin da kika gani a waya kaɗai, domin jan da ke haske a waya yakan dushe a sitika. Ki kuma karɓi asalin aikin na CorelDraw, wato manhajar zane ta kwamfuta. Hoton da aka turo ta WhatsApp yakan farfashe in an ƙara girmansa, sai wata maɗaba'ar ta sake zanawa, tambarin ya canza kama.

Don Allah kada a sa aya ko sunan Allah a jiki, tunda robar a bola take ƙarewa. Kada kuma a kwaikwayi na babban kamfani. Ko ba a kai ki kotu ba, mai saye zai ɗauka jabu ne.

Inda 'yan kasuwa da yawa ke kuskure shi ne zaton rajistar CAC, wato hukumar yi wa kamfanoni rajista, ta kare musu tambari. Sunan kasuwanci kawai ta kama. Tambari ana yi masa rajista ne a ofishin rajistar alamomin kasuwanci na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta tarayya, galibi ta hannun lauya. Za a fara bincike ko wani ya riga ki, sannan a wallafa shi a mujallar ofishin, a ba masu ƙorafi wata biyu. Kayayyaki da ayyukan hidima an kasa su aji 45, yaji yana aji na 30. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan ana sabuntawa duk shekara 14.

Ki sa a yi binciken nan kafin ki ba da odar sitika mai yawa.