Tunanin "wa ya halicci Allah" ya addabe ni, an ce na yi ridda

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni magidanci ne, shekaruna 31, ina da mata da 'ya ɗaya. Wata takwas ke nan da na shiga wani zaure a intanet inda mulhidai, masu cewa babu Allah, suke muhawara da Musulmi. Da niyyar mayar musu da martani na shiga, yanzu ni ne a wahala. Da na kabbara salla sai in ji kamar ana raɗa mini, "To shi Allah wa ya halicce shi?", har in rasa raka'a nawa na yi. Wani dare na farka ƙarfe uku na yi alwala ina kuka saboda tsanar abin. Akwai kuma maganar da ɗayansu ya yi kan jariran da ake haifa da ciwo mai tsanani, wai wannan zalunci ne da ke nuna babu Allah, har yau ban sami amsarta ba. Na kuma daina gaskata yawancin labaran aljanu da ake bayarwa. Na faɗa wa abokina da ya fi ni karatu, ya ce na yi ridda, in yi wanka in sake shahada, a sake ɗaura mana aure, kuma in riƙa maimaitawa duk sanda tunanin ya dawo. Na sake shahada ya fi sau hamsin. Matata ba ta sani ba, amma sati uku ke nan na ƙaurace mata. Mene ne matsayina?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, kai Musulmi ne, aurenka yana nan, ka koma wa iyalinka yau. Na fara da hukuncin ne don na san mai irin halinka ba ya iya jiran dogon bayani.

Inda na tsaya a wasiƙarka shi ne alwalar ƙarfe uku. Wanda ya bar addini ba ya tashi cikin dare yana kuka don tunanin kafirci ya zo masa, barcinsa yake sha. Sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) irin wannan kuka, suka ce suna jin abin da ya yi musu girma su furta, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Muslim ne ya ruwaito, Nawawi kuma ya bayyana cewa ƙyamar abin da tsoron furta shi ake nufi da imanin. Faɗa wa malami don neman magani ba ya shiga furucin da ake kama mutum da shi, tunda sahabban ma faɗa suka yi.

Sai dai ka haɗa abubuwan da ba jinsinsu ɗaya ba, shi ya sa maganin ya ƙi ci. Imam Maziri, malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 536 bayan Hijira, ya raba tunanin da ke zuwa zuciya gida biyu. Akwai mai faɗowa haka kawai, bai zauna ba, babu wata shubuha, wato hujjar ruɗu mai kama da gaskiya, da ta kawo shi. Maganinsa a kau da kai. Akwai kuma wanda shubuha ce ta haife shi har ya sami wurin zama. Shi ba ya fita sai da hujja da nazari.

"Wa ya halicci Allah" na gidan farko ne. Annabi (SAW) ya ambaci wannan tambayar da kanta, ya ce wanda ta kai gare shi ya nemi tsarin Allah ya tsaya. Kai ma ka san amsarta: wanda aka halitta ba shi ne Mahalicci ba, kuma tambayar farkon wanda ba shi da farko karyayyiya ce tun daga tushe. Na tabbata ka ba kanka wannan amsa a sallar Azahar, ta dawo maka a La'asar. Abin da amsa ba ta kashe shi ba, ba ilimi yake nema ba, kulawarka yake nema, kuma da ita yake ƙiba. In ya zo a salla ka ci gaba da karatunka. Batun raka'o'i kuwa, wanda shakka ke zuwa masa kullum shi ne malamanmu suke kira mustankihi, kuma Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Abi Zaid, ta ce ya yi watsi da shakkar, ya yi sujjadar ba'adi, babu gyara a kansa.

Maganar jarirai ta gida na biyu ce, kuma in na ce maka "daina tunani" na cuce ka. Hujjar tasu tana tsaye ne a kan zato biyu da ba su tabbatar ba: cewa abin da ba mu ga hikimarsa ba ba shi da hikima, da cewa lissafi yana rufewa da mutuwa. Mala'iku sun tambayi dalilin sanya mai zubar da jini a bayan ƙasa, aka ce musu "Ni na san abin da ba ku sani ba", ba a kore su ba. Annabi Musa bai iya haƙuri da kisan yaron nan a Suratul Kahfi ba sai da aka buɗe masa. Sannan ka tambayi mai maganar: in duniya makahon motsi ce kawai, da wane ma'auni ya kira ciwon jariri zalunci? Cire Allah daga lissafi bai rage wa yaron raɗaɗi ba, ladan da sakayyar kawai ya kwashe. Wannan gajeren bayani ba zai ishe ka ba, ka nemi malamin da ya san aƙida ku zauna baki da baki. Rashin sanin amsar wata tambaya daban, shakkar Allah daban. Gazali, wanda ya rasu a 505, ya faɗa da kansa cewa ya yi kusan wata biyu cikin ciwon shakkar komai kafin Allah ya warkar da shi. Shakkar da ke fitar da mutum, ba saɓani, ita ce samuwar Allah da rashinta su zama ɗaya a zuciyarsa, ya kuma zauna a kan haka. Ba halinka ba ne.

Yanzu fatawar abokinka. Ba daga iska ya ɗauko ta ba. Wasu malaman Hanafiyya na baya sun so jahili ya riƙa sabunta imaninsa kullum, ya sabunta aurensa gaban shaidu biyu sau ɗaya ko biyu a wata, don rigakafi. Ban yarda da ɗora wannan a kanka ba, kuma ina ganin ko masu maganar ba kai suke nufi ba. Suna magana ne kan wanda bakinsa ke suɓucewa da kalmar kafirci bai san ta kafirci ba ce. Kai ba ka furta komai ba, ba ka ƙudurce komai ba. Musuluncinka yaƙini ne, riddar da ake jingina maka zato ce, kuma yaƙini ba ya gushewa da zato.

Ga kuma abin da ya fi wannan ƙarfi. Mutanen da suka zo wa Annabi (SAW) da wannan ƙorafi, wa ya ce wa ya je ya yi wanka? Auren wa ya sake ɗaurawa? Abu Dawud ya ruwaito wani ya ce ya gwammace ya zama gawayi da ya faɗi abin da ke ransa, Annabi ya yi kabbara, ya gode wa Allah da ya mayar da makircin Shaiɗan waswasi kawai. In da sabuntawa wajibi ce, ko ma abin so, nan ne wurin faɗarta, kuma ba ya jinkirta bayani a lokacin buƙata. In abokinka ya kawo hadisin "ku sabunta imaninku", malamai suna da magana kan ingancinsa, kuma ko ya inganta yawaita zikirin La'ilaha illallah yake nufi, ba fita da sake shiga ba.

Ana kiran abin rigakafi, amma dubi abin da ya haifar. Sau hamsin ka sake shahada, tunanin ya tafi? Duk sabuntawa tana shaida wa zuciyarka cewa lalle ɗazu ka fita, sai tsoro ya ƙaru, tunanin ya dawo da ƙarfi. Ga baiwar Allah sati uku ana tauye mata haƙƙi ba ta san laifinta ba. A mazhabar Malik ridda tana yanke aure da saki ba'ini, don haka kalmar da abokinka ya jefa ba ƙarama ba ce, gida take rusawa. Ka faɗa masa cikin ladabi ya ji tsoron hadisin da ya ce wanda ya kira ɗan'uwansa kafiri, kalmar tana komawa kan ɗayansu. Kada ka sake kai masa irin wannan tambaya, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Aljanu kuwa, samuwarsu tabbas ce, sura guda aka saukar da sunansu, musun wannan ƙaryata Alƙur'ani ne. Amma ka ce "yawancin labarai" ka daina gaskatawa, kuma wannan ba laifi. Ba a ɗora maka yarda da cewa duk mai farfaɗiya aljani ne ya buge shi ba, ko cewa boka ya san gaibu. Zuwa wurinsa ma an hana. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi ya rasu rana ta yi kusufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne. Labari ne da zai ƙara masa daraja a idonsu, amma ya tashi ya ce rana da wata ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Mulhidai suna son su haɗa maka camfi da wahayi a igiya ɗaya, in ka saki ɗaya ka saki duka. Kar ka karɓi igiyar.

Laifin da nake gani a kanka, kuma ba ka tambaye shi ba, shi ne zama a zauren nan. Ka shiga fagen kokawa ba shiri. Su da yawansu tambayoyi suka haddace, jefa tambaya kuwa minti ɗaya ne, warware ta kan ci karatun shekara. In ana izgili da ayoyin Allah a wurin, aya ta 140 a Suratun Nisa'i ta hana zama. Ka fita yau, ka goge shi daga wayarka, kar ka ce sai ka ba da amsa ta ƙarshe. Mayar da martani aikin wasu ne da suka shirya masa.

In bayan wata guda raɗar ba ta yi sauƙi ba, ko ta tsallaka zuwa alwala da tsarki, kana maimaita wanke hannu ko tantamar saki, ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Waswasi mai naci ciwo ne da suka sani, suna da hanyar magance shi, kuma zuwa wurinsu bai saɓa wa tawakkali ba. Matarka kuma ka ba ta haƙuri. Ba sai ka zayyana mata tunanin ba, kar ka shuka mata abin da ba ta da shi. Ce mata damuwa ce ta kama ka, kuma tana wucewa. In shubuhar jariran ta ci gaba da damunka bayan ka zauna da malami, rubuto mini ita da lafazin da aka faɗa maka, mu bi ta dalla-dalla.

Wallahu a'alam.