Tambayoyinku: Babbar Riga da Leshi a Daren Gala Cikin Jirgin Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ɗanmu na fari da ke aiki a Ingila ya biya mana kuɗin tafiya a jirgin ruwa, ni da mahaifinsa, daga Southampton zuwa New York inda ƙanwarsa take aure. Sunan jirgin Queen Mary 2, kwana 7 za mu yi a kan teku. A takardun da ya turo an ce akwai dararen da ba a zuwa cin abinci sai da shiga ta musamman, maza baƙar kwat da nektayi, mata doguwar rigar dare. Alhaji ya ce shi da ƙuruciyarsa ma bai ɗaura nektayi ba, ba zai fara da furfura ba. Ni kuma hotunan da na gani, matan duk kafaɗa a waje, baya a buɗe. Yaron ya ce zai saya wa babansa kwat, Alhaji ya ce gara a mayar da tikitin. Mene ne mafita? Daga Hajiya, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa wannan yaro albarka, ya ba shi masu yi masa. Ki gaya wa Alhaji ya kwantar da hankalinsa, ba za a mayar da tikiti ba, ba kuma za a sayi kwat ba. Babbar rigarsa ta isa, ke ma leshinki da mayafinki sun isa. Kamfanin Cunard, mai wannan jirgi, ya yarda da cikakkiyar shigar gargajiya ta ƙasar mutum da kuma shigar addini, har da abin rufe kai. Abin da suke hanawa daga kayan gargajiya shi ne makami, wato takobi ko wuƙar ado. Mai sa niƙabi kuma za a iya neman ta buɗe fuska wajen ɗaukar hoton tsaro da wuraren bincike.

Sai dai ina so ki fahimci abin da dokar take nufi, don idan kin gane shi ba za ki yi kuskuren zaɓen kaya ba.

Jirgin da za ku hau yana cikin waɗanda suka fi riƙo da tsohuwar al'ada a duk jiragen yawon buɗe ido na duniya. Cunard ya fara ketare Tekun Atilantika tun 1840, a zamanin da manyan gidajen Ingila ke canza kaya kowane dare kafin a zauna cin abinci, kuma masu kuɗin da ke hawa aji na ɗaya suka shigo da wannan ɗabi'a cikin jirgi. Da jiragen sama suka kwashe fasinjoji daga wajen 1958, sai jiragen ruwa suka koma na shaƙatawa, suka riƙe daren ado a matsayin abin jan hankali. A Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004 kuma yake ɗaukar fasinja kusan 2,700, dokar sutura tana fara aiki ne daga ƙarfe 6 na yamma. Da rana kowa na cikin kayan shan iska. A tafiya irin taku ta kwana 7, galibi darare biyu ne suke kira daren Gala, su ne na cikakken ado. Sauran dararen shiga ta kamala kawai ake so, ban da gajeren wando, singileti, silifas, kayan motsa jiki da yagaggen jins. Kowace yamma za a ajiye muku takarda a ɗaki mai ɗauke da shirin gobe, a nan za ki ga irin shigar da ake so. Daren farko ba a yin Gala domin akwatunan wasu ba su gama isa ɗakuna ba, daren ƙarshe ma haka domin an riga an haɗa kaya.

Ki ɗauke shi kamar dinar bikin 'yar babban gida: ba wanda zai tsaya auna ɗinkin rigarki, amma duk wanda ya shigo da kayan zaman gida ya rage wa taron armashi, kuma masu taro za su ji ba a girmama su ba. Wasu daga cikin mutanen da za ki gani sun yi shekaru suna tara kuɗin wannan tafiya, wasu murnar cika shekara hamsin da aure suka zo yi. Girmamawar da suke nema ke nan, kuma mu ba baƙinta ba ne.

Na tsaya a bakin matakalar Britannia, babban ɗakin cin abincin jirgin mai hawa biyu, ina kallon mutane na saukowa a daren Gala. Wani dattijo ɗan Sikotilan ya sauko da ɗan buje mai ratsi-ratsi irin nasu da doguwar safa har gwiwa, ƙirjinsa a gaba. Bayansa wata Ba'indiya cikin sari mai ruwan zuma, mijinta da doguwar riga mai maɓallai har wuya. Ba wanda ya tare su, masu ɗaukar hoto ma su suka fi bi. Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga namu dattijo ya matse kansa cikin kwat ta aro, hannun rigar ya zarce yatsu, wuya ya shaƙe, ya kasa sakewa ya ci abinci, alhali ya bar gezna a ninke a gida. A 1961 Sir Abubakar Tafawa Balewa ya je Washington wurin Shugaba Kennedy da babbar riga da hula, kuma hotunan suna nan har yau, ba wanda ya fi shi kwarjini a cikinsu. Rigar da ta shiga fadar shugaban Amurka ba za ta gaza a ɗakin cin abincin jirgi ba.

Sharaɗin dai shi ne shigar ta zama cikakkiya. A daren Gala Alhaji ya sa 'yar ciki da wando da babbar riga mai aiki, aska takwas ko aska biyu, shadda mai sheƙi wadda ta sha bugu, da hularsa zanna ko dara. Hular da suke hanawa a ɗakin cin abinci ita ce hana-sallah, ta Alhaji kuwa ɓangare ce ta shigarsa, ba sai ya cire ba. Kaftani mai sauƙin aiki ya bar shi wa sauran darare, a nan ya dace ƙwarai. Jallabiyar zuwa masallaci da asuba ba ta cikin lissafi. Inda mazanmu suka fi samun matsala shi ne takalmi. A gida babban mutum zai sa malum-malum da buɗaɗɗen takalmin fata, ba wanda zai ga aibu, amma a can duk takalmin namiji mai nuna yatsu kallon silifas ake masa. Ya tafi da baƙin sau-ciki da safa, ya goge shi ya yi ƙyalli.

Ke kuma Hajiya, hotunan da kika gani talla ce, ba doka ba. Babu inda aka ce sai mace ta buɗe kafaɗa ko baya. Yawancin matan da ke hawa wannan jirgi ma manya ne, za ki ga da yawa da dogon hannu da ɗan mayafi a kafaɗa saboda sanyin na'ura. Leshi mai nauyi ɗinkin buba da zani ko doguwar riga, ɗauri mai kyau, mayafi mahaɗin kaya, sarƙa da 'yan kunne, kin gama. Abaya mai duwatsu ma ta yi, lafaya ma haka. Atamfa ki ajiye ta wa sauran darare, sai dai in sufa ce da aka yi mata ɗinki na musamman. Gwal ɗinki kada ya kwana a kan madubi, akwai ɗan akwatin ƙarfe mai lambar sirri a cikin kabad na kowane ɗaki.

Sukan ba daren Gala jigo, misali baƙi da fari, ko ja da ruwan gwal, kuma ana sanar da fasinja tun kafin tafiya, don haka ki sa yaron ya duba muku. Bin jigon ba dole ba ne, amma yana da daɗi. In baƙi da fari ne, farar shaddar Alhaji da baƙin leshinki da farin mayafi sun gama magana. Akwai daren da ake sa ɗan abin rufe ido na ado, wannan kina iya bar musu kayansu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, don shi ne takardun ba za su yi miki bayaninsa yadda za ki ji a jikinki ba. Ba abin da ma'aikatan jirgi suke tsoro kamar gobara. Saboda haka ba a shiga da dutsen guga, ba a kunna kyandir, ba a kunna turaren wuta. Kasko da gawayi da abin ƙona turare na lantarki duk ki bar su a Zariya. Ana bincika akwatuna da na'ura kafin a kai su ɗaki, kuma kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi a rufinsa. Ki turara kayanku sosai tun a gida, ki ninke su da ɗuminsu a cikin leda ki ɗaure, ƙamshin zai kai ku har New York. Humra da turaren fesawa ba laifi. Guga kuwa, jiragen Cunard suna da ƙananan ɗakunan wanki da fasinja ke amfani da su kyauta, da dutsen guga da teburinsa a ciki. Amma da la'asar ɗin ranar Gala za ki tarar da layi, kowa da riga a hannu, teburin kuma ɗan siriri ne da aka yi don shat, babbar riga sai an yi ta juyawa. Ki je da hantsi. In kin fi so ki ba ma'aikatan wanki su goge a biya, to ki yi musu bayani da bakinki cewa kada a jiƙa shaddar, kada a sa mata tururi mai yawa, domin sheƙinta zai mutu. Da kun shiga ɗaki ranar farko ki rataye manyan kayan a hanga.

Jirgi yana motsi, Tekun Atilantika ta arewa kuma ba ta da tabbas ko da bazara. Zani kada ya ja ƙasa, takalmi kada ya yi tsini, hannu ɗaya kullum a kan ƙarfen matakala. Alhaji ya saɓa rigarsa a kafaɗa kafin ya taka matakala, kuma kada ya fita farfajiyar waje da ita da dare, domin iskar wurin tana cika babbar riga ta ja mutum, hula kuwa in ta tashi ta tafi ke nan. Ku tafi da rigar sanyi ta shan iska da rana.

Ana zaman cin abincin dare kashi biyu, na wajen ƙarfe 6 da na wajen 8 da rabi. Ku duba wanda bai ci karo da magariba ba a watan da za ku tafi, domin da bazara rana takan kai wajen ƙarfe 9 ba ta faɗi ba a can, da hunturu kuwa tun 4 ta faɗi. Tunda yamma kuka nufa, za a riƙa mayar da agogo baya da awa ɗaya a darare biyar, saboda tazarar awa 5 da ke tsakanin Ingila da New York. Yaron ya sanar da kamfanin tun yanzu cewa ba ku cin naman alade kuma ba a sa muku giya a girki, kifi da kayan lambu kuwa kullum akwai. Idan aka zagayo da kofuna a tire, ki ce lemo kike so, za a kawo ba tare da wani kallo ba.

Daren da kuka gaji ko teku ta juya muku ciki, akwai Kings Court, wurin ɗebi-da-kanka, inda ba a neman cikakken ado, ana kuma kawo abinci ɗaki. Amma ina roƙonki kada ku mayar da can wurin ɓuya. Ku yi shigarku ku sauka Britannia, ku tsaya a ɗauke ku hoto a bakin matakala, bayan an ci abinci ku leƙa Queens Room ku zauna ku ga yadda tsofaffinsu ke taka rawa da ƙungiyar makaɗa. Yaronku ya biya kuɗin wannan duka, kuma hoton nan shi zai fi so ya gani.

Tambaya: Anti, ni da amaryata muna son mu yi tafiyar jirgin ruwa bayan biki, amma ni ba na son takura. Dole ne kowane jirgi sai an yi wannan ado? Daga wani ango, Maraɗi.

Amsa: Allah ya sanya alheri, ƙanena. Ba dole ba ne, kamfani kamfani ne. Norwegian Cruise Line ya sauke tilascin daren ado tun wajen 2000, kowa ya ci abinci lokacin da ya so cikin shiga ta kamala. Royal Caribbean da Carnival suna da daren da ake cewa kowa ya sa mafi kyawun kayansa, amma ba su tsananta kamar Cunard ba. MSC, da jiragensa ke tashi daga Durban ta Afirka ta Kudu daga wajen Nuwamba zuwa farkon shekara, yana da daren Gala shi ma, sai dai kaftani mai kyau da hula da rufaffen takalmi sun wadatar. In kuma kuna son inda ba a sayar da giya kuma abincin halal ne, akwai Aroya na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024.

Ko wanne ka zaɓa, kada ka shiga babban ɗakin cin abinci da dare da gajeren wando ko singileti ko kayan wanka. Kuma ka tambayi amarya kafin ka yanke hukunci, domin tana da kayan lefe da ba ta sa ba tukuna, wataƙila ita daren adon take jira. Ka saka shadda ɗaya mai kyau a akwati saboda ita.