Amsa ga mai tambaya kan R36S: ka saya, amma memorin ne matsala

Salam ɗan'uwa. Da na ga tambayarka, ko ka sayi R36S, ƙaramar na'urar gem ɗin nan ta riƙewa a hannu, tunda PS5 ta fi ƙarfin aljihu, kuma ko da gaske tana cin wasannin PS2, sai na ji kamar da ni kake. PS5 a dala 499 ta fito a 2020, ka lissafa da canjin yau, wa zai iya?

Maganar PS2 ƙarya ce. Injin da ke cikinta, RK3326, iyakarsa PS1 da Sega da Game Boy da su Nintendo na da. PSP ma wasu yana ja, wasu sai tsinkewa. Ni mai shagon da ya sayar min har rantsuwa ya yi cewa akwai wasa dubu goma sha biyar a ciki har da PES ta PS2. Da na zo gida na duba, wasa ɗaya ne aka maimaita da suna kala-kala, wasu da Japananci, wasu ba sa buɗewa. Wannan ma na haƙura. Abin da ya ƙona min rai shi ne memorin da ta zo da shi, wanda ko suna babu a jikinsa. Na kusa ƙarasa wani dogon wasa da nake bi dare da rana, yarana ma kowa da inda ya tsaya a nasa, na kunna da safe sai baƙin allo. Komai ya tafi. Ƙaramin har kuka ya yi. Na koma wurin mutumin, ko ɗago kai bai yi ba, wai ni na zare memorin tana kunne. Sai kuma ya ciro wani irinsa sak, wai in ƙara kuɗi ya ba ni. A gaban mutane fa! Har yau in na bi ta layin sai na ji zuciyata ta tashi. Allah ya isa kawai na ce.

Don haka ranar da ka saya, kafin ka buga komai, ka kwafe duk abin da ke ciki zuwa kwamfuta, ka sayi memori na gaske, SanDisk ko Samsung, ka saka ArkOS sabo, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar. Ka kula akwai R36S na jabu da yawa a kasuwa, kuma ArkOS na asali ba ya tashi a kansu. Kar ka zare memori sai ka kashe ta daga cikin manhaja.

Duk da haka ina son ƙananan na'urorin nan, don naka ne, ka buɗe, ka gyara, ba mai hana ka. Ka tuna Ouya, wata ƙaramar na'urar gem ta haɗawa da talabijin? A 2012 mutane suka tara mata sama da dala miliyan 8 a Kickstarter, shafin tara kuɗi na intanet, dala 99 kuɗinta, ana cewa za ta girgiza Sony da Microsoft. Kamfanin Razer ya sayi ɓangaren manhajarta a 2015, a 2019 aka rufe shagonta na intanet. Amma da yake Android ce a buɗe, masu ita suka ci gaba da loda mata wasanni da kansu.

In kuma ƙwallo kawai kake so ku buga da abokai, ka manta da R36S, ka nemi PS2 wadda aka yi amfani da ita mai Free McBoot (manhajar da ke ba ka damar loda mata wasanni da kanka) da hannun gem biyu. Ka gwada ta a gaban mai shagon kafin ka miƙa kuɗi.